Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin 'Yan Sandan Kan Hanya: Tarar Gudu Ta Farko Da Yadda Ake Tsayar Da Direba

Zuwa ga shugabannin rundunonin 'yan sanda da hukumomin kula da zirga-zirgar ababen hawa,

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, muna gaishe ku da aiki, muna kuma gaida jami'anku da ke tsayuwa bakin titi cikin rana da ruwa.

Masu wannan wasiƙa malaman koyar da tuƙi ne, da makanikai masu aikin birki da maleji, da wasu lauyoyi da ke zuwa kotu kan laifukan hanya. Muna magana ne a madadin sababbin direbobi, waɗanda lasisinsu bai shekara biyu ba, kuma ba su taɓa ganin ɗan sanda ya ɗaga musu hannu ba sai ranar da aka ce sun yi gudun wuce kima. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, na'urorin auna gudu suna ta ƙaruwa a hannun jami'ai, takardun tara suna ta fita, amma har yanzu ba mu ga rubutacciyar ƙa'ida da direba zai karanta ya san yadda ake auna gudunsa ba, da yadda ake tsayar da shi, da abin da jami'i zai faɗa masa, da abin da jami'in ba shi da ikon yi.

Ba sassauci muka zo roƙo ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Hukumar ta kuma ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudun motoci yana ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4 cikin 100. Lissafin ma ba mai wuya ba ne. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowane sakan. Daga lokacin da direba ya hango yaro ya faɗo titi zuwa saukar ƙafarsa kan birki, akan ɗauki kamar sakan ɗaya da rabi, wato mita 21 sun tafi birki bai kama ba. A kan busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, birkin zai ci wasu mita 14. Jimla mita 35. Wanda ya ƙara kilomita 10 kacal, yana kan 60, mita 45 yake buƙata, kuma a daidai inda na farkon ya tsaya cik, shi yana nan yana gudun da ya haura kilomita 40 a awa. Duk ribar da ya ci a tafiyar kilomita 10 minti biyu ce. Wannan lissafin muke koyarwa, don haka mun fi kowa son a kama mai gudu. Kukanmu yana kan yadda ake kamun.

Mu fara da hujja, domin nan ne aka fi yin ɓarna ba tare da an sani ba. Na'urar rada tana aika igiyar rediyo ta daki mota ta dawo, sai ta auna canjin da gudun motar ya jawo wa igiyar. Matsalarta ita ce ba ta da ido. Igiyar tana buɗewa ne kamar hasken tocila. A na'urori da yawa buɗewar ta kai kusan digiri 12, wanda a nisan mita 100 ya rufe faɗin mita 21, ya wuce titi mai layi huɗu ke nan. Lambar da ta fito a allo ba ta ɗauke da sunan kowa. Na'urar takan nuna gudun abin da ya fi mayar mata da igiya da ƙarfi, kuma tirelar da ke bayan ƙaramar mota tana iya rinjayar ƙaramar ko da ƙaramar ce a gaba. Shi ya sa horon ƙwarai yake koya wa jami'i ya fara hango motar da idonsa, ya kimanta gudunta, ya saurari ƙarar da na'urar ke yi, ya ga lambar ta zauna ta dace da abin da idonsa ya gani, sannan ya ɗaga hannu. Jami'in da ya sunkuya kan allo, lamba ta fito, ya ɗago kai ya tare motar da ta fara iso masa, caca ya yi da lasisin wani. Sabon direba kuwa bai san ana iya yin wannan kuskure ba, balle ya tambaya.

Na'urar leza ta fi rada saiti, domin haskenta a nisan mita 300 bai wuce faɗin mita ɗaya ba, ana iya ware mota guda daga cikin ayari. Amma ita ma tana da nata cikas. Tana harba ƙyallin hasken da ido ba ya gani sau da yawa cikin ƙasa da sakan guda, tana duba yadda nisa ke raguwa. Idan hannun jami'i ya girgiza, ɗigon hasken ya zame daga gilashin gaba zuwa lambar mota, tsawon hancin motar ya shiga lissafi. Zamewar mita ɗaya cikin sulusin sakan daidai take da kusan kilomita 11 a awa. Na'urorin zamani sukan gane irin wannan su ƙi ba da lamba, amma maganin farko shi ne jami'i ya jingina hannunsa ko ya ɗora na'urar kan ƙafa, ya saita lambar mota, ya kuma daina auna daga nisan da ba ya iya riƙe ɗigon wuri guda.

Don adalci, akwai kuskuren da direba ke cin ribarsa. Idan jami'i yana tsaye gefe, na'urarsa ta kalli motar a karkace, lambar da za ta fito ƙasa take da gudun gaskiya: a karkatar digiri 30, mai gudun 100 zai bayyana kamar yana 87. Inda abin ke juyewa kan direba shi ne idan radar tana cikin motar sintiri mai tafiya. A nan na'urar tana cire gudun motar sintirin daga jimlar saurin da motocin biyu ke tunkarar juna. In ta ɗauki gudun sintirin daga bayan wata babbar mota da ke gabanta maimakon daga ƙasa, sai ta ga kamar sintirin a hankali yake tafiya, ragowar kuma ta lafta wa mai tahowa. Jami'in da aka horar yakan kwatanta abin da radar ta ce game da motarsa da abin da malejinsa ke nunawa. Wanda ba a horar ba, sai ya rubuta.

Duk wannan kuma in na'urar lafiyarta lau ce. Rada tana zuwa da ƙarfen gwaji mai yatsu biyu, wanda in an buga shi aka kara gabanta dole ta nuna lambar da aka hatimce a jikin ƙarfen. Ana yin wannan gwaji a farkon aiki da ƙarshensa, a rubuta a littafi. Ban da shi, akan kai na'urar ɗakin gwaji lokaci-lokaci, a wurare da yawa sau ɗaya a shekara, a ba ta takardar shaida. Kuma ko mai takardar ma, ƙasashen da suka daɗe a wannan aiki ba sa rantsuwa da ita ɗari bisa ɗari. A Jamus ana cire kilomita 3 daga abin da na'ura ta nuna in gudun bai wuce 100 ba, sama da haka a cire kashi 3 cikin 100. A Faransa, ga na'urorin da aka kafa, kilomita 5 ne ko kashi 5 cikin 100. Me zai hana direban da aka tsayar ya ga lambar da idonsa, ya ga lambar na'urar da ranar da aka yi mata gwajin ƙarshe a kan takardarsa? Gani ya kori ji. Jami'in da ya ce "na ce ka yi gudu, ka yi gudu" ya raunana shari'arsa tun kafin a je kotu, ko da gaskiya yake faɗa.

A ɗaya ɓangaren, yana da kyau jami'anku su san dalilin da ya sa direba kan rantse bai wuce ƙa'ida ba alhali ya wuce. Ƙa'idar da masu ƙera motoci ke bi a Turai da wurare da dama ta hana maleji ya nuna ƙasa da gudun gaskiya, ta kuma yarda ya nuna sama da shi har kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4. Amma wannan da tayar da kamfani ya sa ne. In aka cire taya mai lamba 195/65 R15 aka sa 205/70 R15, tsayinta ya tashi daga kusan milimita 635 zuwa 668, sama da kashi 5 cikin 100, don haka motar tana cin ƙasa fiye da yadda allura ke faɗa. Sai kuma motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka, waɗanda manyan lambobin malejinsu mil ne. Sabon direba ya ga allura kan 60 a inda allo ya ce 60, hankalinsa kwance, alhali yana kusan kilomita 97 a awa. Wannan ba uzuri ba ne a gaban doka, kuma ba mu ce a yafe ba. Amma jami'in da ya leƙa ya nuna masa ƙananan lambobin da ke ciki ya gyara direban har abada cikin sakan goma, abin da zagi ba zai yi ba.

Kuka na biyu gajere ne. Ba a cin mutum tara kan iyakar da ba a nuna masa ba. Allon da ganye ya rufe, ko ya koɗe, ko aka sace, ko iyakar da ta faɗo daga 100 zuwa 50 babu allon gargaɗi a tsakani, sannan jami'i ya laɓe mita kaɗan bayan wurin ko a ƙasan gangare, wannan tarko ne. Wurin da ya kamata na'ura ta zauna shi ne inda littafin haɗurra ya nuna ana mutuwa: gaban makarantu, mahaɗar hanyoyi, kwanonin da motoci ke ƙwacewa.

Na uku, tsayarwar kanta. Mun nuna a sama cewa mota ba ta tsayawa nan take. Mai gudun kilomita 100 yana buƙatar kusan mita 100, mai 120 kuwa ya haura mita 130. To jami'in da ya yi tsalle ya faɗo tsakiyar titi mita 30 gaban mota, me yake so direban ya yi? Sabon direba in ya firgita birki yake dannawa iya ƙarfinsa, ko ya fizge sitiyari, na bayansa ya afka masa. Tsayarwa a kan kwana, a kan gada, a bayan tudu, ko a inda babu gefen fakawa, tana jefa direban da jami'in da sauran masu hanya cikin haɗarin da ya fi laifin da ake son hukuntawa. Ba banza ba dukan jihohin Amurka 50 suka yi dokar da ta tilasta wa masu wucewa su kauce ko su rage gudu idan sun ga motar jami'ai a gefen hanya, domin ana yawan buge jami'ai a wurin. Direban da ya kunna sigina, ya rage gudu, ya ci gaba kaɗan yana neman wuri mai haske ko mai faɗi, bai gudu ba, kuma bai kamata a ƙara masa laifi ba. Wannan ya fi shafar mace mai tuƙi ita kaɗai da dare. Bin mota da gudu saboda laifin gudu kuwa, mayar da mota ɗaya mai haɗari ne zuwa biyu. Lambar motar tana nan, rajista tana nan, takarda za ta iske mai ita a gida. A Birtaniya doka ta ba da kwana 14 a aika wa mai rajistar mota sanarwa.

Sai dabi'un da babu littafin horon da ya koyar da su amma sun zama ruwan dare: zare makulli ta taga, kama sitiyari mota na tafiya, buɗe ƙofa a shige gidan gaba a ce "mu je", dukan jikin mota, sace iskar taya, saita bindiga ga wanda laifinsa gudu ne. Kundin ɗa'ar jami'an tsaro da Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da shi a 1979 ya ce a sashe na 2 jami'i ya kare mutuncin ɗan Adam, a sashe na 3 kuma kada ya yi amfani da ƙarfi sai in ya zama dole, gwargwadon abin da aikin ke buƙata. Ba mu san wani fanni na rubuta takardar tara da ke buƙatar hannu a kwalar riga ba.

Na huɗu, kuma a ganinmu shi ne zuciyar lamarin, magana. Wanda aka tsayar karon farko jikinsa rawa yake yi. Yakan manta inda ya ajiye takardu, yakan miƙa hannu aljihun mota ba tare da ya faɗa ba, yakan yi shiru ko ya yi ta surutu. Jami'in da bai saba karanta wannan ba sai ya ɗauka raini ne ko rashin gaskiya, ya ɗaga murya, direban ya ƙara ruɗewa, daga nan ƙaramin abu ya girma. Tambayar nan ta "ka san abin da ya sa na tsayar da kai?" ba ta da amfani sai jawo mutum ya ɗora wa kansa laifi. Tsarin da ya dace ba ya cin minti ɗaya: sallama, suna da lambar aiki, dalilin tsayarwa tun kafin a nemi takarda, gudun da aka auna da iyakar wurin, sannan a ba direba dama ya faɗi nasa. An gwada irin wannan a aikace. A jihar Kwinslan ta Ostireliya, tsakanin 2009 da 2010, an sa wasu jami'ai a shingayen gwajin barasa su riƙa yi wa direbobi bayani cikin mutunci suna sauraronsu, kuma direbobin da suka gamu da su sun fi nuna gamsuwa da amincewa da 'yan sanda. A birnin Adana na Turkiyya an yi makamancin gwajin a kan waɗanda aka tsayar saboda gudu, aka samu sakamako mai kama da haka. A Sukotlan kuwa an gwada bai yi kyau ba. Mu abin da muka ɗauka daga nan shi ne, ba a bai wa jami'i takarda a ce ya haddace kamar aku. Sai ya fahimci dalili, kuma sai ya ga na sama da shi ma haka suke yi masa magana.

Tsawon tsayarwar ma hukunci ne da babu alƙalin da ya yanke shi. Duba lasisi da takardun mota da rubuta tara aikin mintuna kaɗan ne. Ajiye mutum awa guda a rana don ya gaji ya "yi magana", ko karɓe wayarsa a shiga hotuna da saƙonninsa, ko buɗe jakunkuna babu wani zargi, duk ba su da alaƙa da gudu. A 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wani direba da aka riƙe minti bakwai zuwa takwas bayan an gama ba shi takardar gargaɗi, don a jira kare ya shinshina motar. Kotun ta ce da zarar aikin da ya sa aka tsayar da mutum ya ƙare, ba a ci gaba da riƙe shi sai da wani sahihin zargi na daban. In minti takwas ya isa a kai gaban kotun ƙoli, ina ga wuni guda?

Na biyar, kuɗi. Ranar da sabon direba ya ga an ambaci tara mai nauyi, sannan aka sassauta murya aka ce "to yaya za a yi?", ya gama karatun da zai bi shi tsawon rayuwarsa. Ya koyi cewa iyakar gudu ciniki ce, kuma abin da ake buƙata a mota shi ne na goro a aljihu. Duk lissafin mita 35 da 45 da muka yi masa a aji ya tafi a banza. Riƙe lasisi babu rasit, da barazanar jan mota zuwa ofis kan laifin da takarda ta isa, su ne sandar da ake kora mutum da ita zuwa cinikin. Sashe na 7 na kundin 1979 ya haramta wa jami'i duk wani nau'in cin hanci, amma haramci a takarda bai isa ba muddin hannun jami'i yana taɓa kuɗi. Ƙasar Jojiya a 2004 ta sallami 'yan sandan kan hanyarta da suka yi ƙaurin suna, ta ɗauki sababbi da albashi mafi kyau, ta mayar da biyan tara banki. Ba mu ce ku kori kowa ba. Darasin shi ne a raba mai rubutawa da mai karɓa.

Akwai kuma cin hancin da hukuma ke yi da kanta, wato ɗora wa jami'i adadin takardun da zai kawo ko kuɗin da zai tara. Binciken da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fitar a 2015 kan garin Fagusan na jihar Mizuri ya nuna yadda aka mayar da 'yan sanda da kotun garin hanyar tara kuɗin shiga, har jama'a suka daina ganinsu a matsayin masu kare su. Jami'in da ake auna ƙwazonsa da yawan takardu zai je inda kamu ke da sauƙi ne, ba inda ake mutuwa ba.

Wannan ya kawo mu ga wa ake tsayarwa. Masu bincike a Jami'ar Istanfod sun duba bayanan tsayarwa kusan miliyan 100 a Amurka, suka wallafa a 2020 cewa kason baƙaƙen fata cikin waɗanda ake tsayarwa yana raguwa idan duhu ya shiga, lokacin da ba a iya ganin fuskar direba. A wani wurin launin fata ne, a wani wurin tsufar mota ne, ko ƙuruciyar mai tuƙi, ko lambar wani yanki. Sun iya gano nasu ne saboda ana rubuta kowace tsayarwa. Inda ba a rubutawa, kowa zai yi ta musu. Sabon direba kuma yana da ido: yana ganin mai babbar mota baƙin gilashi ya wuce fuu an sara masa, yana ganin motar jami'ai babu jiniya babu gaggawa ta ƙure maleji a gaban makaranta. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Ga abin da muke nema, ranku ya daɗe.

Ku fitar da ƙa'idar tsayar da mota a rubuce, shafi ɗaya ko biyu, cikin harsunan da direbobi ke ji, a manna ta a makarantun tuƙi da ofisoshin lasisi da shafinku na intanet. Ta faɗi a fili cewa jami'i zai sa kaki da riga mai ƙyalli, sunansa da lambarsa a bayyane, zai tsayar da mota inda ake hango ta daga nesa, zai fara da dalili, ba zai shiga mota ko zare makulli ko taɓa waya ba, kuma direba yana da damar ɗaukar hoton bidiyo muddin bai hana aiki ba.

Kada a ba jami'i na'urar auna gudu sai ya ci jarrabawa a kan irin na'urar da zai riƙe, kuma na'urar da takardar gwajinta ta ƙare a janye ta daga titi a ranar. Ku bayyana rangwamen da kuke cirewa daga lambar da ta fito, kowa ya sani.

Takardar tara ta ɗauki rana da lokaci, ainihin wurin, iyakar gudun wurin, gudun da aka auna, irin na'urar da lambarta, sunan jami'i da lambarsa, sashen dokar da aka karya, adadin tarar, inda ake biya, ranar ƙarshe, da yadda wanda bai yarda ba zai kai ƙara. A kuma gaya wa direba a rubuce ko sa hannunsa amsa laifi ne ko shaidar karɓa kawai, da ko biyan tarar yana rufe ƙofar ƙara. Yawancin masu karɓar takarda karon farko a nan suke faɗawa: wasu su ƙi sa hannu rigima ta tashi, wasu su jefa ta aljihun mota har wa'adi ya wuce tara ta ninka.

A hana karɓar kuɗi a bakin titi kwata-kwata, duk abin da aka riƙe kuma a ba da rasit. A soke adadin takardu a matsayin ma'aunin ƙwazo, a maye gurbinsa da raguwar haɗurra a yankin jami'in.

Game da kyamarar jikin jami'i, muna so, amma kada a ɗauka ita kaɗai za ta yi aikin. A garin Riyalto na Kalifoniya, gwajin 2012 zuwa 2013 ya zo da raguwar ƙorafi da kusan kashi 88 cikin 100. A birnin Washintan kuwa, gwajin da aka fitar a 2017 kan jami'ai sama da 2,000 bai ga wani bambanci na a zo a gani ba. Kyamarar da jami'i ke kashewa lokacin da ya ga dama, ko hoton da babu mai dubawa, ado ne. A ajiye hoton aƙalla har wa'adin ƙara ya wuce, a ba direban da ya kai ƙara damar ganinsa, ofishin ƙorafi kuma ya kasance a wajen rundunar da ake ƙorafi a kanta.

Sai mai laifin farko da ya wuce iyaka da kaɗan. A Birtaniya akan ba irinsa zaɓin zuwa kwas na 'yan awanni kan haɗarin gudu a madadin tara da makin laifi da ake rubutawa a kan lasisi, muddin bai yi kwas ɗin ba cikin shekara uku da suka wuce. Ba wasa suke yi da sabon direba ba, domin wanda ya tara maki 6 cikin shekara biyun farko lasisinsa ya tafi, sai ya sake jarrabawa. Muna son irin wannan haɗin: hannu ɗaya koyarwa, ɗaya hannun hukuncin da ba a roƙonsa. Wanda ya ninka iyaka a cikin gari, ko yana tsere, ko ya sha, ba da shi muke ba. A kuma duba nauyin tarar, domin adadi ɗaya ga kowa yana karya mai ƙaramin ƙarfi, mai hali ko a jikinsa. Finlan tana auna tarar babban gudu da kuɗin shigar mai laifin.

Mu ma akwai namu, kuma muna yi. Muna koya wa ɗalibi cewa in an ɗaga masa hannu ya kunna sigina, ya faka inda ya dace, ya kashe mota, ya sauke gilashi, in dare ne ya kunna fitilar ciki, ya ɗora hannuwansa kan sitiyari, ya faɗa kafin ya miƙa hannu ɗauko takarda, kada ya fito sai an ce ya fito, kada ya yi ƙarya, kada ya miƙa kuɗi, kuma in bai yarda ba ya karɓi takardarsa ya rubuta lokaci da wuri ya ɗauki hoton allon hanya, gardamar a yi ta a kotu. Mun san jami'in da ke tunkarar mota bai san wanda ke ciki ba, kuma tsoronsa gaskiya ne. Amma yana mana wuya mu ce wa ɗalibi ya bi ƙa'ida alhali ba mu da takardar da za mu nuna masa mu ce ga wadda ɗaya ɓangaren zai bi.

Muna roƙon ku ba mu amsa a bainar jama'a kamar yadda muka rubuto a bainar jama'a, ku kuma fara wallafa alƙaluman kowane wata uku: mota nawa aka tsayar, a ina, takarda nawa aka rubuta, nawa kotu ta soke, ƙorafi nawa ya shigo da abin da aka yi a kansa. In kuna buƙatar masu duba daftarin ƙa'idar, ko ajin da jami'anku za su zo su yi wa sababbin direbobi bayani kafin su haɗu a titi, ƙofar makarantunmu a buɗe take.

Allah ya ƙara girma, ya kiyaye hanya.

Naku,
Wasu malaman koyar da tuƙi, makanikai da lauyoyi, a madadin sababbin direbobi.